KAMBA, GARIN BAKIN IYAKA

Kowane rani mukan ga baƙin shanu a bakin tafkinmu. Wasu farare ne, wasu jajaye masu dogayen ƙahoni. Idan muka tambayi makiyayan inda suka fito, sai su nuna arewa. Wasu daga cikin jiharmu suke, wasu kuwa daga ƙetaren iyaka.

To, yau bari mu bi sawun shanun nan mu ga ƙasar da suka baro. Za mu yi magana a kan Kamba, garin manoma da makiyaya wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Kada mu ce Kamba ta yi mana nisa. In mun karanta har ƙarshe, za mu ga abin da ya sami Kamba yakan iso Warra.

INA KAMBA TAKE?

Kamba tana arewa maso yamma da mu, a cikin Jihar Kebbi. Ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, kamar yadda Warra take hedkwatar Ngaski. Mu muna cikin Masarautar Yawuri, su kuwa suna cikin Masarautar Argungu. Sarautar garin ita ce Sarkin Shiko.

Wanda zai tafi da mota sai ya fara isa Yelwa. Daga nan sai Koko, sai Jega, sai Kalgo. A Kalgo zai bar hanyar Birnin Kebbi, ya bi ta Bunza har Kamba.

Wanda zai bi ruwa kuwa sai ya hau Kwara. Zai wuce Yelwa da ƙasar Shanga, ya wuce inda Gulbin Kebbi ya faɗa cikin Kwara, ya wuce Illo da Lolo, har ya kai Dole Kaina. A nan ne ƙasashe uku suka haɗu, watau Nijeriya da Nijar da Benin. Kamba ba a bakin kogi take ba, tana kan tudu daga arewa kaɗan.

Yamma da Kamba akwai Gaya, garin Nijar. Daura da Gaya, a ɗaya gefen kogi, akwai Malanbil, garin Benin, da gada a tsakaninsu. Mutum yana iya karyawa a Kamba, ya yi azahar a Gaya, ya yi la'asar a Malanbil.

MUTANEN GARIN

A Kamba da kewayenta akwai Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani. Duk waɗannan akwai irinsu a Gaya. Sau da yawa wa yana Nijeriya, ƙane yana Nijar. Ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya.

Ga wani abin da zai yi wa mutanen Shanga daɗin ji. Masu binciken harsuna sun ce harshen Kyangawa da na Shangawa 'yan gida ɗaya ne, kuma suna da dangantaka da na Busawa na ƙasar Borgu. Yau yawancin Kyangawa da Shangawa sun koma Hausa, amma tushen yana nan. Ashe dai akwai zumunta tsakaninmu da su tun kaka da kakanni.

Akwai kuma tsohon ciniki. Arewa da Gaya akwai wani kwari da ake kira Foga, inda ake kankare ƙasa, a tace ta, a dafa ruwan ya zama gishiri. Fatake sun daɗe suna kai gishirin Foga ƙasashen kudu, har Borgu da Yawuri, don mutane da dabbobi.

YADDA IYAKA TA ZO

A zamanin da babu wannan iyaka. Akwai ƙasar Kabi, da ta Dandi, da ta Arewa, da ta Borgu, kowace da sarakunanta.

Da Turawa suka zo, sai Ingila da Faransa suka yi ta rige-rigen kama ƙasa. Saura kaɗan su yi yaƙi a kan Borgu. Ran 14 ga Yuni, 1898, suka yi yarjejeniya a birnin Paris. Faransa ta ɗauki Nikki, Ingila ta ɗauki Busa da Illo. Aka ja layi daga bakin Kwara, sama da mashigin Illo, ya yi arewa. Gaya ta faɗa hannun Faransa, Kamba ta faɗa hannun Ingila.

Faransawa ba su gamsu ba, domin suna son hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Saboda haka aka gyara layin a 1904, aka sake gyarawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wasu hafsoshi biyu, O'Shee na Ingila da Tilho na Faransa, suka bi layin suna kafa alamomi har Tafkin Chadi.

A 1960 ƙasashen uku suka sami mulkin kai. Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975, ta samu ran 1 ga Agusta, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba. Dukansu suka riƙe layin yadda Turawa suka bar shi.

Shi ya sa yaron Kamba yake koyon Turanci a makaranta, ɗan kawunsa na Gaya yana koyon Faransanci. Wannan yana da naira a aljihu, wancan yana da sefa. Wannan gefe akwai 'yan kwastan da 'yan shige da fice, wancan gefe akwai jandarma. Amma ƙasar ɗaya ce. Hadarin da ya zuba a Kamba shi ne zai zuba a Gaya.

NOMA

Ƙasar Kamba shimfiɗaɗɗiya ce, mai yashi, mai ciyawa, itatuwa jefi-jefi. Ba ta samun ruwan sama kamar tamu. Damina takan sauka a can bayan ta sauka a nan, kuma takan ɗauke da wuri.

Saboda haka gero ne babban abincinsu, domin gero yana jure ƙishi, yana kuma nuna da sauri. Suna shuka dawa da wake da gyaɗa. Sukan sa wake a tsakanin gero, don wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabbobi ce. A fadamu, wajen kogi, suna noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu.

Shinkafa ta ƙara bunƙasa a jiharmu tun Nuwamba 2015, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance. Mutane da yawa suka shiga noman rani da injin ban ruwa. Wannan alheri ne. Amma nan gaba za mu ga ya zo da tasa matsala.

KIWO

Arewa da Kamba, can cikin Nijar, ruwan sama yana raguwa har a kai inda gero ba ya yi, sai ciyawa. Nan ne gidan shanu da tumaki da raƙuma. Da damina ciyawar can tana da kyau ƙwarai, kuma babu ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore.

Amma da ruwa ya ɗauke, sai tafkuna su ƙafe, ciyawa ta bushe. Dole makiyayi ya yi kudu. Ba yawon banza yake yi ba, ruwa da ciyawa yake bi. In damina ta sauka sai ya juya arewa, ya bar wa manoma gonakinsu. Kamba tana kan wannan hanya ta zuwa da komowa.

A kasuwannin iyaka za mu ga Bokoloji masu gajeren ƙaho da laɓa, da Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogayen ƙahoni. Za mu ga tumaki Uda, rabi fari rabi baƙi ko ja, da Balami, da jajayen awaki masu kyan fata. Dillalai suna haɗa ciniki, motoci suna kwasa zuwa biranen kudu. Gab da Babbar Salla raguna da yawa daga Nijar suke shigowa.

CUƊE NI IN CUƊE KA

Yanzu mun zo kan babbar magana. Me ya riƙe gari irin Kamba? Abin da ya riƙe shi shi ne manomi da makiyayi kowa yana bukatar ɗan'uwansa.

Ƙasa mai yashi tana gajiya da wuri. Maganinta taki. Saboda haka bayan kaka manomi yakan kira Bafulatani ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su kwana a gonar, su bar kashi da fitsari. Manomi ya ba da damin gero, ya bar rijiya a buɗe. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da hatsi. Gonar da shanu suka kwana cikinta ana gane ta tun daga hanya idan gero ya tashi.

Da damina kuwa akwai burtali, watau hanyar shanu tsakanin gonaki. Akwai makiyaya, akwai mashaya. Kowa ya san su. Idan shanu suka yi ɓarna, sai mai gari da ardo su je su duba, su yanke abin da za a biya. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo don ƙarfafa wannan tsari.

ABIN DA YA CANJA

Abu huɗu ne suka raunana wannan zama.

Na ɗaya, mutane sun yi yawa. Gonar da ta ishi uba ba ta isar 'ya'yansa biyar. Sai wannan ya ci taku biyu daga burtali, wancan ma ya ci taku biyu. Kafin a ankara, hanyar da garke yake wucewa ta zama ta mai keke.

Na biyu, takin zamani ya zo. Wasu manoma suka ga kamar ba su bukatar shanu kuma. Kara da harawa suka zama kayan sayarwa, ana tarawa a kan rumfa ko a bisa itace. Makiyayi ya iso bayan kaka ya tarar da gona a share.

Na uku, noman rani. Fadamar da shanu ke sha da rani ta zama gonar shinkafa da albasa. Garke ya yi tafiyar yini da ƙishi, ya hango ruwa, amma shuka ta tare hanya.

Na huɗu, ɓarayin shanu da masu bindiga. A Nuwamba 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai hari Mera, a Ƙaramar Hukumar Augie, aka rasa rayuka a kan maganar shanu. Irin waɗannan mutane suna fakewa da iyaka. Su yi ɓarna a nan, su tsallaka can. Manomi da makiyayi duka suna shan wahalarsu.

Ban da waɗannan, a ƙarshen 2019 Benin ta hana garkunan ƙasashen waje shiga ƙasarta kiwo. Shanun da suka saba tsallakawa can sai suka nemi wata hanya, wuri ya ƙara ƙunci.

CUTA BA TA SAN IYAKA BA

Tsofaffinmu sun san ciwon bushiya. Wajen 1890 ya ratso ƙasashen nan ya kashe yawancin shanu, masu dukiya suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Ya yi ta komowa bayan haka.

Gwamnatoci suka gane ƙasa ɗaya ba ta iya kashe shi. In an yi wa shanun Kamba allura aka bar na Gaya, aikin banza ne, domin mashayarsu ɗaya. Saboda haka a 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka fara allura tare, sa'an nan wasu ƙasashe suka shiga. Ciwon ya lafa. Da aka yi sakaci, sai ya komo Nijeriya da ƙarfi a 1983. Aka sake tashi tsaye. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya duka.

Wannan ya nuna mana abin da haɗa kai yake yi. Amma ciwon huhu na shanu yana nan, ɓoru ma yana nan. Idan malaman dabbobi suka zo allura, kada mu ɓoye ko akuya ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

TAKARDAR ƘETARE IYAKA

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. A 1979 ta yarda ɗan kowace ƙasa a cikinta ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar shaida.

A 1998 ta yi wa makiyaya tasu ƙa'ida. Mai ƙetarewa da garke sai ya karɓi takarda daga ma'aikatan dabbobi na ƙasarsa. A cikinta za a rubuta yawan dabbobinsa, da alluran da aka yi musu, da hanyar da zai bi, da inda za shi. Da rana ake ƙetarewa, ta ƙofar da aka sani. Ba a bar wa yara ƙanana garke su kaɗai.

Takardar nan tana kare kowa. Tana kare makiyayi, don ba za a ce shanun sata ya koro ba. Tana kare mu, don mun san dabbobin da suka sauka kusa da namu an yi musu allura. Makiyayin da ya iya karanta abin da ke cikin takardarsa da wuya a cuce shi a hanya.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu da kayansu suna shiga da fita har a daidaita. Saboda haka mai niyyar ƙetarewa ya fara tambaya a ofishin iyaka kafin ya kama hanya.

RANAR DA AKA RUFE IYAKA

Gari irin Kamba ƙofa ne. Ƙofa kuwa ana buɗe ta, ana rufe ta, ba da shawarar masu zama bakinta ba.

An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a Agusta 2019, don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur da makamai. A Nuwamba na wannan shekara aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ku duba halin manomin rani da injinsa yake bukatar mai kullum. A Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, har da Illela da Maigatari, amma ta Kamba sai Afrilu 2022.

Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023. A Agusta aka sake rufe iyaka da Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

Wa ya ci riba, wa ya yi hasara? Da shinkafar waje ta ragu, tamu ta yi daraja, manomi ya ji daɗi, amma mai awo a kasuwa ya ji jiki. Motocin kaya suka yi layi, kayan gwari suka ruɓe. Direbobi da 'yan dako da masu abinci da masu canjin kuɗi suka rasa abin yi. Wasu samari suka koma bin hanyoyin daji da babura, inda ake kama su, wani lokaci ma a rasa rai. Fasa-ƙwauri laifi ne, kuma ribarsa ba ta kai haɗarinsa ba.

INA RUWANMU, MU MUTANEN WARRA?

Ruwanmu kuwa yana ciki, domin ruwan tafkinmu ma ta bakin iyakar nan yake shigowa.

Kwara ta taso tun daga duwatsun Gini, ta ratsa Mali da Nijar, ta shigo Nijeriya ta wajen Dole Kaina da Lolo. Mun san tana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa ƙarshen damina, ruwan ƙasashen kusa ne, mai laka. Baƙin ruwa yana zuwa da hunturu, ruwan Gini ne da ya yi watanni a hanya har lakarsa ta kwanta.

An gama madatsar Kainji a 1968. Ruwa ya ci tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. Wutar lantarki da ake samu a Kainji kuwa, akwai wayar da ke kai ta Birnin Kebbi har Yamai. An yanke ta a 2023 sa'ad da aka rufe iyaka, aka mayar a 2024. Kun gani, su suna turo mana ruwa, mu muna tura musu wuta.

Da bazara tafki yakan ja baya, ya bar ƙasa mai danshi da ɗanyar ciyawa irin su burugu. A daidai lokacin nan ne arewa ta fi bushewa. Shi ya sa garkuna suke gangarowa wajenmu. A daidai lokacin nan ne kuma muke son wurin don shukarmu ta rani. Ba su kuma da damar shiga gandun dajin Kainji, domin doka ta hana kiwo a ciki. Watau matsalar da muka gani a fadamun Kamba ita ce a bakin tafkinmu.

To, me za mu yi?

Kafin tafki ya ja baya, mai gari da ardo da manoma su zauna su nuna inda shanu za su bi su sha. A kafa alama, a bar wurin, ko da ƙasar tana da kyau.

Wanda gonarsa take bakin burtali ya tsaya a kan iyakar da ya gada.

Baƙon makiyayi in ya iso, ya fara zuwa wurin mai gari da ardo, ya nuna takardarsa, a nuna masa masauki. Kada ya saki shanu da dare, kada ya bar wa yara garke kusa da shuka.

In an yi ɓarna, kada kowa ya ɗauki sanda ko adda. A kira dattawa, a auna, a biya, a rubuta a ajiye.

Manomin da gonarsa ta gaji ya tuna da dabarar kakanninsa. Buhun takin zamani da tsada yake, kuma ba ya gyara jikin ƙasa kamar kashin shanu. Ya kira makiyayi su yi ciniki.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Kamba ba su suka ja layin iyaka ba, ba su suke rufe ta ba. Abin da ke hannunsu shi ne zamansu da juna. Mu ma abin da ke hannunmu ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu, ya zaunar da mu lafiya. Amin.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne ƙasashe uku ne suka haɗu a Dole Kaina?
2. A wace shekara Ingila da Faransa suka raba Borgu?
3. Me manomi yake samu wurin makiyayi? Me makiyayi yake samu wurin manomi?
4. Don me ƙasa ɗaya ba ta iya kashe ciwon bushiya ita kaɗai ba?
5. Ina burtalin ƙauyenku ya bi? Faɗinsa yana nan yadda yake a zamanin iyayenku?